Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Kuɗin Fito a Gaban Akwatin Zaɓe

A cikin dukkan harajin da gwamnatoci ke ɗora wa jama'a, babu wanda ya kai kuɗin fito iya ɓad-da-kama. Harajin albashi ma'aikaci yana ganinsa a takardar biya ƙarshen wata. Harajin kasuwa mai tikiti ne ke zuwa bakin rumfa, kowa ya san fuskarsa. Shi kuwa kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ko a bakin iyaka ake karɓarsa daga hannun wanda ya shigo da kaya, shi kuma ya narkar da shi cikin farashi, babban dila ya miƙa wa mai shago, mai shago ya miƙa wa matar da ta zo awon cefane. Ita ba za ta ce an karɓi haraji a hannunta ba, cewa za ta yi kaya sun yi tsada. Wannan ne sirrin ƙaunar da 'yan siyasa ke yi masa: shi kaɗai ne harajin da ɗan takara zai hau dandamali ya yi alkawarin ƙarawa, kuma a yi masa tafi.

Sama da shekara ɗari da hamsin ke nan ana kai wannan gardama gaban masu zaɓe a Birtaniya da Amurka da Kanada, kuma tarihin yana da tsari guda wanda ya cancanci a lura da shi. Duk lokacin da aka ajiye maganar a kan farashin abinci da sutura, aka nuna wa talaka abin da zai biya, masu son ƙarin kuɗin fito sukan sha ƙasa. Sukan yi nasara ne idan suka iya ɗauke hankalin jama'a daga farashi zuwa tuta, daga aljihu zuwa tsoron baƙo. Harajin da bai iya cin zaɓe sai an ɓoye sunansa, lalle akwai abin dubawa a cikinsa.

Burodi biyu a Birmingham

Birtaniya ta fara wannan faɗa tun 1815, lokacin da majalisar da manyan masu gonaki suka cika ta kafa Dokar Hatsi, wadda ta hana shigo da alkama daga waje sai farashinta a gida ya kai wani tsayi. Ma'anar dokar a fili take: ma'aikacin masaƙa ya sayi burodi da tsada domin mai gandu ya ci gaba da karɓar kuɗin haya mai tsoka. A 1838 aka kafa ƙungiyar yaƙi da dokar a Manchesta, Richard Cobden da John Bright suka zama bakinta. Da yunwa ta auka wa Ayalan a 1845, Firayim Minista Robert Peel ya soke dokar a 1846, jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau ta dare gida biyu a kan haka. Daga nan burodi mai araha ya zama kamar wani haƙƙi a idon ma'aikacin Ingila.

Wanda ya yi yunƙurin taɓa wannan haƙƙi shi ne Joseph Chamberlain, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka daga 1895 zuwa 1903, wato mutumin da ke riƙe da wannan ofis lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a farkon 1903. A watan Mayun wannan shekarar ya yi jawabi a Birmingham yana kiran a kewaye daular Birtaniya da katangar haraji: a sa kuɗin fito kan kayan Jamus da Amurka, a sassauta wa Kanada da Ostareliya da sauran 'yan gida. A watan Satumba ya ajiye muƙami ya shiga yawon wa'azin wannan aƙida. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin masana'antun Jamus da Amurka sun taso a bayan katanga, suna kuma cin kasuwar Ingila wadda ƙofarta ke buɗe.

Sai dai tsarin nasa yana da ƙashi guda da ya ƙi haɗiyuwa. Abin da Kanada da Ostareliya ke sayar wa Ingila shi ne alkama da nama. Ba yadda za a fifita alkamarsu sai an sa haraji kan alkamar wasu, wato sai an sa haraji kan abinci. 'Yan jam'iyyar Libaral suka kama wannan suka ƙi saki. Suka cika bangwaye da hoton burodi biyu, babba na ciniki marar shinge da ƙarami na Chamberlain. A watan Nuwamba na 1903 Chamberlain ya ɗaga burodi biyu a gaban taro a Birmingham domin ya nuna cewa bambancin bai taka kara ya karya ba. Da ya yi haka ya riga ya faɗi, domin ya amince cewa gardamar a kan girman burodi take. Winston Churchill ya bar jam'iyyar a 1904 saboda wannan batu. A zaɓen farkon 1906 Libaral ta kwashe kusan kujeru 400, masu ra'ayin riƙau da abokansu ba su kai 160 ba, shugabansu Arthur Balfour ma ya rasa kujerarsa a Manchesta.

Stanley Baldwin ya sake gwadawa a Disambar 1923. Yana da rinjaye a majalisa, amma ya kira zaɓe domin neman izinin sa kuɗin fito, ya rasa rinjayen, jam'iyyar Leba ta kafa gwamnatinta ta farko a Janairun 1924. Katangar ba ta tashi ba sai 1932, bayan karyewar tattalin arzikin duniya da zaɓen firgici na 1931, lokacin da Neville Chamberlain, ɗan Joseph, ya shigar da dokar kashi 10 cikin ɗari kan akasarin kayan waje. Ko a lokacin, alkama da nama ba su shiga wannan doka ta farko ba. Sun tuna da burodin 1906.

Amurka: wasiƙar da ta fi lissafi ƙarfi

A Amurka ta ƙarni na 19 kuɗin fito shi ne ginshiƙin kuɗin shigar gwamnatin tarayya, domin babu harajin samu na dindindin. Bayan yaƙin basasa jam'iyyar Rifablikan ta riƙe shi a sama, har baitulmali ya riƙa tara rarar da aka rasa inda za a kai ta. A Disambar 1887 Shugaba Grover Cleveland na Dimokurat ya sadaukar da dukkan saƙonsa na shekara ga majalisa kan wannan batu kaɗai, yana cewa gwamnati na karɓar abin da ba ta buƙata daga hannun masu sayen kayan masarufi. Zaɓen 1888 ya zama zaɓen kuɗin fito tsakaninsa da Benjamin Harrison.

Abin da ya faru dab da zaɓen shi ne darasin. Wani ɗan Rifablikan a Kalifoniya ya rubuta wa jakadan Birtaniya, Lionel Sackville-West, wasiƙa da sunan bogi, yana nuna shi haifaffen Ingila ne da ya zama Ba'amurke, yana neman shawarar wanda zai zaɓa. Jakadan ya faɗa tarko, ya amsa da abin da ke nuna Cleveland ya fi dacewa da muradin Birtaniya. Aka buga wasiƙar saura kimanin mako biyu a jefa ƙuri'a, domin a harzuƙa 'yan asalin Ayalan da ke New York, waɗanda ba sa ga maciji da Ingila. Cleveland ya fi yawan ƙuri'un jama'a a faɗin ƙasa, amma ya rasa New York da wakilanta 36, ya faɗi da 168 a kan 233. Da jihar ta zo hannunsa da shi ya ci. Wasiƙar ba ita kaɗai ta yanke hukunci ba, amma ta nuna hanyar da masu kariya suka fi amincewa da ita: a mai da mai neman rage haraji yaron Turawan Ingila.

Da suka hau, sai suka kafa dokar McKinley a Oktoban 1890, wadda ta kai matsakaicin kuɗin fito kusan kashi 50 cikin ɗari kan kayan da ake biya wa. Har farantin kwanon da ake yin gwangwani da kayan girki aka ninka wa haraji fiye da sau biyu. Wata guda bayan haka aka yi zaɓen majalisa, a daidai lokacin da masu shaguna ke sauya farashi. Rifablikan suka fito da ƙasa da kujeru 90 cikin 332, William McKinley da kansa ya rasa kujerarsa, Cleveland kuma ya sake cin zaɓen shugaban ƙasa a 1892. Ƙasa ɗaya ce, masu zaɓe su ne dai na jiya. A 1888 sun ji labarin jakada, a 1890 sun ga farashin kwano.

Kanada ta maimaita wasan a 1911. Wilfrid Laurier ya ƙulla yarjejeniyar rage haraji da Amurka wadda manoman yammacin ƙasar suka daɗe suna nema. Sai Champ Clark, jigo a majalisar wakilan Amurka, ya furta fatan ganin tutar ƙasarsa tana kaɗawa a kan Kanada wata rana. Masu masana'antun Toronto da Montreal suka sami abin da suke nema, magana ta tashi daga farashin kayan noma ta koma kan wanzuwar ƙasa, Laurier ya faɗi, Robert Borden ya hau.

Yadda dokar manoma ta zama dokar masu kamun ƙafa

Wanda ke son ganin yadda ake dafa kuɗin fito a bayan fage, ya dubi abin da ya biyo bayan zaɓen Amurka na 1928. Herbert Hoover ya yi wa manoma alkawarin kariya, ya kira zama na musamman na majalisa a 1929 domin cika shi. Da aka buɗe ƙofa sai kowace masana'anta ta aiko da wakilinta. Ɗan majalisar da ke son a kare sukari ya goyi bayan mai son a kare katako, mai katako ya goyi bayan mai siminti, a yi mini in yi maka. Abin da ya fito a ƙarshe, dokar Smoot da Hawley, ya taɓa kaya sama da 20,000. Masana tattalin arziki 1,028 suka sa hannu a takardar roƙon Hoover kada ya amince, ya amince a Yunin 1930. Kanada, babbar abokiyar cinikin Amurka, ta rama, wasu ƙasashe suka bi sahu. Manomin da aka ce domin shi aka fara, wanda rayuwarsa ta dogara ga sayar da alkama da auduga a waje, shi ya fi kowa jin jiki. Dokar ba ita ta haddasa karyewar tattalin arzikin duniya ba, amma ta ƙara wa wutar itace. A 1932 Hoover ya faɗi, Reed Smoot da Willis Hawley duka suka rasa kujerunsu. A 1934 majalisa ta miƙa wa shugaban ƙasa ikon ƙulla yarjejeniyoyin rage haraji, kamar mai amincewa cewa ba za a iya barinta da tukunyar ba.

Dalilin da ya sa haka ke faruwa a ko'ina lissafi ne mai sauƙi. Ribar kuɗin fito tana taruwa a hannun 'yan kaɗan da suka san junansu, suka san ofishin da za su je. Asararsa kuwa tana warwatsuwa a kan miliyoyin mutane, kowa kaɗan-kaɗan, ba mai lokacin zuwa babban birni domin ƙorafi kan abin da aka ƙara masa a kwanon girki. Ranar zaɓe ce kaɗai ranar da waɗannan miliyoyin ke da murya ɗaya, shi ya sa ake ƙoƙarin cika musu kunne da wata magana kafin ranar ta zo.

Zamanin nan bai sauya lissafin ba. Donald Trump ya ci zaɓen 2016 da tazarar da ba ta kai ƙuri'u 80,000 ba a jihohin Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, yankunan da masana'antu suka durƙushe. A 2018 ya sa kashi 25 cikin ɗari kan ƙarfe, kashi 10 kan alminiyam, da ƙarin haraji kan injinan wanki da ɗimbin kayan Sin. Binciken masana irin su Mary Amiti da Stephen Redding da David Weinstein ya gano cewa kusan dukkan nauyin a kan masu saye na Amurka ya sauka. Sin ta rama a kan waken suya, gwamnati ta ware kimanin dala biliyan 28 a 2018 da 2019 domin lallashin manoman da suka rasa kasuwa. Trump yakan yabi McKinley, amma McKinleyn da ya zama shugaban ƙasa ya yi jawabinsa na ƙarshe a Buffalo a Satumbar 1901, kwana ɗaya kafin a harbe shi, yana kiran a ƙulla yarjejeniyoyin sassauta wa juna haraji.

Hujjar masu kariya, da inda ta tsaya

Adalci ya wajabta a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗa. Alexander Hamilton a 1791 da Friedrich List bayansa sun yi hujja cewa jaririyar masana'anta ba ta iya kokawa da ƙato sai an tallafe ta. Amurka da Jamus sun girma a bayan katanga. Masu wa'azin buɗe kasuwa kuma ba waliyyai ba ne: Ingilar da ke koya wa duniya ciniki marar shinge ita ce a 1896 ta ɗora harajin cikin gida kan yadin da masaƙun Indiya ke saƙawa domin kada su fi na Lancashire araha. Ma'aikacin da masana'antarsa ta rufe bayan shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001 ba mafarki ya yi ba, kuma alkawarin da aka yi masa na horo da sabon aiki yawanci a takarda ya tsaya. Wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda ta koma, ba ya buƙatar a yi masa bayanin zafin buɗe ƙofa ba shiri.

Amma misalin da masu kariya suka fi so, Koriya ta Kudu a zamanin Park Chung-hee, yana yi musu shaida ne rabi kawai. Gwamnatin Koriya ta kare kamfanoninta, ta kuma ɗaure su da sharaɗi: bashi mai sauƙi da lasisi suna tafiya ne da yawan abin da kamfani ya iya sayarwa a kasuwar duniya, inda ba katangar da za ta ɓoye ragwantarsa. Wanda ya kasa, a janye masa tallafi. Kariyar da ta gina ƙasashe tana da wa'adi, tana da ma'auni, tana da hukunci. Wadda ake sayarwa a dandamalin kamfe ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Jaririn da ya shekara talatin ana goya shi, ba ƙafa ce ba ta yi ƙwari ba, bayan ne ya yi masa daɗi.

Waɗanda ba a taɓa tambaya ba

Ma'aikacin Ingila ya sami damar ƙin ƙaramin burodi a 1906 da 1923 domin yana da ƙuri'a. Talakan Kano da Zariya ba shi da ita a 1934, lokacin da Birtaniya ta ƙayyade shigo da yadin Japan mai araha cikin ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma domin ceton masaƙun Lancashire. Burin Chamberlain da masu zaɓen Ingila suka ƙi a kan abincinsu, an aiwatar da shi a kan tufar waɗanda ba a shawarta.

Abin takaici shi ne, bayan 'yanci ma salon bai sauya sosai ba. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun kuɗin waje daga hannunsa, ciki har da shinkafa. A ranar 7 ga Yulin 2019 Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka, a watan Agusta kuma, 'yan makonni bayan haka, ta rufe iyakokinta na ƙasa. Wannan ya faru wata shida bayan babban zaɓe, ba kuma a kan rufe iyaka aka nemi ƙuri'ar kowa ba. Cinikin Jibiya da Illela da Maigatari, da hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Maraɗi tun kafin a ja layin iyakar, ya tsaya da sanarwa ɗaya, sai Disambar 2020 aka fara buɗe wasu. Noman shinkafa ya ƙaru a Kebbi da wasu jihohi, an kafa injinan casa, wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa farashin abinci ya hau, 'yan fasa-ƙwauri suka sami kasuwa, masu tsaron hanya suka sami abin karɓa. A Oktoban 2023 aka janye takunkumin kuɗin waje, a Yulin 2024 kuma, da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, aka sanar da dakatar da kuɗin fito kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama cashewa ba na kwana 150. Manomin da aka ce ya ci bashi ya faɗaɗa gona, shi ma ba a tambaye shi ba.

An rufe ba da shawara ba, an buɗe ba da shawara ba. Babu zaɓen shugaban ƙasa ko ɗaya tun 1999 da aka yi shi a kan wannan tambaya kamar yadda Birtaniya ta yi a 1906, alhali ita ce ke yanke abin da ke shiga tukunyar kowane gida. Kowane ɗan takara yana alkawarin kare manomi da kuma saukar da farashin abinci a cikin numfashi ɗaya, ba mai tsayar da shi ya ce ya zaɓi ɗaya ko ya bayyana yadda biyun za su haɗu. Suna iya haɗuwa, amma ta hanyar taki da ban-ruwa da wutar lantarki da tsaron gona, waɗanda ke rage kuɗin noma. Katanga ita kaɗai farashi take ɗagawa, domin aikinta ke nan.

Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'a da alkawarin rufe iyaka ko ƙara kuɗin fito, akwai tambayoyi uku da ya wajaba 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa su tsare shi da su. Nawa wannan zai ƙara a kan buhu ko a kan yadi, kuma wa zai biya? Shekara nawa kariyar za ta ɗauka, a rubuce cikin doka? Me masana'antar da aka kare za ta bayar a madadin, kuma me zai same ta idan ta kasa? Wanda ya zo da alkawarin buɗe ƙofa shi ma a tambaye shi abin da ya tanadar wa ma'aikacin da zai rasa aiki, da lambobi, ba da fatan alheri ba. Chamberlain, duk da kuskurensa, ya ajiye muƙaminsa ya ɗauki burodinsa ya kai gaban jama'a, suka auna suka ƙi. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da mai biyan harajin da ba a gani ya cancanta: a faɗa masa nawa ne kafin ya dangwala yatsa.